Amsa ga mai son sauka daga Boxer ya hau babur mai cc 1,800

Tambayar da wani ƙanena ya aiko mini ke nan, na taƙaita ta: shekara tara yana hawan Jincheng da Boxer, yanzu Allah ya buɗa masa, ya ga manyan babura biyu 'yan Beljiyam a wurin wani dila, Suzuki Boulevard M109R da Harley-Davidson Fat Boy. Yana son sanin ko zai iya da su tunda ya iya babur, wanne ya kamata ya ɗauka, kuma ko riƙonsu zai fi ƙarfin aljihunsa.

Ƙanena, Allah ya ƙara buɗi, ya sa a hau lafiya a sauka lafiya. Zan ba ka amsar wanda ya daɗe yana hawan irin waɗannan babura, yana kuma kwance su yana ɗaurawa, ba amsar dila ba. Shi dila ko jaki ka ce kana nema, sai ya rantse maka raƙumin nan nasa jaki ne da ya ci ya ƙoshi.

Ka ajiye maganar gudu tukuna, mu fara da nauyi, don a nan gizo ke saƙar. M109R idan an cika masa tanki kilo 347 ne. Fat Boy na shekarun baya-bayan nan kilo 317. Boxer ɗinka bai kai 130 ba. Ka ɗauko buhun shinkafa mai kilo hamsin guda bakwai ka jera a kan taya biyu, ka sa a tsakanin cinyoyinka, abin da kake shirin saye ke nan. Shekarunka tara sun koya maka karanta titi, sun koya maka halin masu a-daidaita-sahu da akuyar da ke tsallakawa ba sallama, kuma wannan ilimi ne mai tsada. Amma sun kuma koya maka wata ɗabi'a da za ta kayar da kai: in ƙaramin babur ya karkace, ƙafa kake sawa ka tokare, ka fizgo shi da ƙarfin dantse. Babban babur ba ya jin wannan yaren. Da zarar ya wuce wani mizani na karkata yana tsaye, to ƙasa za shi, abin da ya rage maka shi ne ka zare ƙafarka kada ya danne ta.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne a kan babban titi nauyin nan ɓacewa yake yi. A gudun kilomita 100 sai ka ji kamar kana zaune a kujerar falo, iskar tirela ba ta jijjiga ka. Wahalar duk tana ƙasa da gudun mai tafiya a ƙasa: juyawa a lungu, shiga gidan mai, fita daga ƙofar gida, gosulo. Faɗuwata ta farko a gidan mai na yi ta, ina tafiyar da ko yaro zai wuce ni. Na karya kan babur dama zan shiga layin famfo, wani mai mota ya yo ribas, na damƙe birkin gaba kamar yadda na saba a ƙaramin mashin. Kan babur a karye, birkin gaba a damƙe, sai gaban ya duƙa, nauyin duk ya tafi gefe guda. Kafin in ce "innalillahi" ina zaune a kan siminti, madubi ya fashe, hannun birki ya lanƙwashe, yaran da ke sayar da ruwa suna ta "sannu Alhaji" suna danne dariya. Mutum uku suka taya ni ɗagawa, kuma duk mu huɗun ba daidai muka ɗaga ba.

To ga yadda ake tafiyar hawainiya da shi. Ba a sakin kuloci gaba ɗaya, ba a kuma matse shi gaba ɗaya. Akwai wani ɗan gurbi a tsakiya inda inji ya fara kama taya amma bai gama kamawa ba, a nan hannunka na hagu zai zauna. Hannun dama ya riƙe totur a ɗan sama kaɗan, kada ya yi ta hawa da sauka. Ƙafar dama ta ɗan taka birkin baya a hankali, tana jan sa. Inji na turawa gaba, birkin baya na riƙewa, sai babur ya miƙe ya tsaya da kansa kamar igiyar da aka ja daga ɓangare biyu. Yatsunka kuwa su sauka daga birkin gaba muddin kan babur a karye yake. Sai ido: inda ka kalla can za ka. In ka zuba wa kwata ido kana tsoron faɗawa, kwatar za ka faɗa. Ka juya kanka gaba ɗaya, haɓarka ta kusa taɓa kafaɗa, ka kalli inda kake son fita. Wannan ba a koyon sa da karatu. Ka nemi fili mai siminti ko kwalta da sassafe, ka jera gwangwanaye, ka yi ta zagaye da juyawa har ka gaji, mako da mako. Kafin ranar farko ka sa an ɗaura masa ƙarfen nan mai kare inji da ke fitowa gefe da gefe, domin faɗuwa za ka yi, kuma gara ƙarfen ya karce da a ce tanki ya lotse.

In ya faɗi, kada ka sunkuya ka ɗauke shi kamar buhu, bayanka za ka ɓalla. Ka kashe inji, ka tabbatar yana cikin giya don kada ya gangara. In dama ya faɗi, ka fara buɗe ƙafar jinginarsa da ke sama, don kada ka ɗago shi ya wuce ya faɗi ɗaya gefen. Sai ka juya masa baya, ka jingina ƙugunka da gefen kujera, hannu ɗaya ya kama hannun babur da ke ƙasa, ɗayan ya kama ƙarfe mai ƙwari a baya, ka riƙa takawa da baya da ƙananan taku, cinyoyinka na turawa. Na ga mutum siriri ya ɗaga shi shi kaɗai da wannan dabarar, na kuma ga ƙato ya kasa da ƙarfin tsiya.

Wurin ajiyewa ma sai da lissafi, don waɗannan biyun ba su da ribas. In ka cusa kansa cikin gangare ya fuskanci bango, sai ka nemi taimako kafin ka fita. Kullum da baya ake shigar da shi gangare, gabansa na kallon tudu. Ƙafar jinginar kuma tana nutsewa a yashi, har a kwaltar da rana ta narkar a watan Afrilu. Ina yawo da ɗan faifan katako kamar tafin hannu a aljihu saboda wannan kawai.

Yanzu inji. Mutane suna jin cc 1,800 sai su ɗauka jirgi ne. Waɗannan injinan ba don tsere aka yi su ba, babur ɗin tsere mai cc 600 zai bar Fat Boy a baya. Abin da suke da shi shi ne ƙarfin ja tun daga ƙasa. Injin M109R mai cc 1,783 yana ba da ƙarfin ja kusan 160 a ma'aunin Nm tun yana juyi dubu uku da ɗoriya a minti, Milwaukee-Eight 114 na Harley mai cc 1,868 yana ba da kusan 155. Na Boxer mai cc 100 bai kai 10 ba. Ma'anarsa murɗa totur da ka saba yi da dukan hannu, a nan ɗan motsin wuyan hannu ne. A kan kwalta mai rairayi, ko ruwan farko na damina da ke taso da maiƙon titi, murɗa guda ta isa tayar baya ta zame ta wuce ka. Amma kuma daɗinsa ke nan: kana giya ta sama, kana son wuce tirela biyu a jere a hanyar Zariya, ba sai ka rage giya ba, ka ɗan murɗa kawai ka ga sun koma madubi.

Ƙarar nan ta Harley da ke sa yara bin ka da gudu, asalinta daga ginin injin ne. Silinda biyu ne da suka buɗe da digiri 45, fistocinsu a ɗaure a wuri guda a jikin karanshaf, don haka tashin wutarsu ba a jere daidai yake ba, ɗaya bayan digiri 315, ɗaya bayan 405. Shi ya sa yake yi kamar doki mai ɗingishi. Kamfanin har ya nemi a yi masa rajistar wannan ƙara a matsayin tambarinsa a 1994, sauran kamfanoni suka tayar da ƙura, ya janye a shekarar 2000.

Ka kuma san ƙasar da ta haifi wannan siffa, don shi zai nuna maka inda za ta ba ka wahala a nan. Indian ya fara a 1901, Harley-Davidson a 1903 a birnin Milwoki na Amurka, kuma irin wannan babur mai tsawo, mai kujera a ƙasa, ƙafafu a miƙe gaba, ya girma ne a kan titunan da mutum zai yi awa guda bai karya kwana ba. Japanawa sun zo daga baya suka yi nasu don kasuwar Amurkan, Honda da VTX1800, Kawasaki da Vulcan 2000, Suzuki da M109R a 2006. Duk jikinsu ɗaya: cikinsu a kusa da ƙasa. Tsakanin ƙasan babur da kwalta santimita 11 da rabi ne zuwa 13. Tudun rage gudun da 'yan unguwa ke ginawa da siminti yadda suka ga dama zai daki ƙasan injinka in ba a karkace ka hau shi a hankali ba. Shokar baya gajeriya ce, kuma tunda ƙafafunka na gaba, ba za ka iya miƙewa a kan matakai ka bar gwiwa ta shanye rami ba kamar yadda kake yi a Boxer. Ramin kai tsaye ƙashin bayanka zai shiga.

Kwana ita ce ɗayar. Fat Boy da ya kwanta digiri 25 ko 26 matakin ƙafarsa zai fara gurzar kwalta yana tartsatsi. Babur ɗin tsere yana wuce 45. Saboda haka in ka shiga kwana da gudun da ya wuce kima, ba ka da ragowar kwanciya da za ka gyara kuskure da ita. Ana gama birki tun babur na miƙe, sannan a shiga. Kuma nauyin jikinka ba zai kwantar da shi ba, balle M109R mai tayar baya faɗin milimita 240 da ke son tsayawa a miƙe. In hagu za ka, hannun hagu kake turawa gaba kaɗan, sai ya kwanta hagu. Kana yin haka tun a ƙaramin babur ba ka sani ba, a nan sai ka yi da gangan. Birkin tsayawa daga gudu kuwa na gaba ne mai aikin, na baya na taya shi. A matsa a hankali sannan a ƙara, ba a fizga. In ka samu mai ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa in an damƙe birki, ka fifita shi a kan mai fenti mai kyau.

Sai zafi. Fat Boy iska da baƙin mai ke sanyaya shi, ba shi da lagireto. A gosulon Kano da azahar a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, silindar baya tana daidai ƙarƙashin cinyarka ta dama, sai ka ji kamar tukubar mai tsire ka rungume. Sababbin Harley suna da tsarin da ke kashe silindar baya in ana tsaye inji ya yi zafi, yana ragewa amma ba ya hanawa. M109R ruwa ke sanyaya shi, ya fi haƙuri da cunkoso, ko da yake fankarsa in ta tashi ita ma ƙafarka take hura wa. Wannan ya kawo ni kan sutura, kuma a nan ba na wasa. Babbar riga da wannan babur ba sa haɗuwa. Bakin riga zai iya shiga tayar baya ko bel ya fizgo ka, yadin roba kuma narkewa yake a jikin salansa ya manne da fata. Silifas ma haka, ka tokare kilo 300 da silifas a kan tsakuwa ka ga yadda za ta kaya. Takalmi mai rufe idon sawu, wando mai kauri, safar hannu, rigar da ke da kariya a gwiwar hannu da baya, da hular kwano mai rufe haɓa. Dokar hular kwano tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta, amma ba don su za ka sa ba. In Juma'a ce ko ɗaurin aure, ka ninke rigar a jaka ka sa in ka isa. Kuma in abokai suka ce ka zo ka yi wasa da shi a rakiyar amarya, ka ce musu batir ya mutu.

Maganar aljihu kuwa, fetur ne mafi sauƙi a ciki, duk da tun cire tallafi a watan Mayun 2023 ba mai kiran sa sauƙi. Tankinsu kusan lita 19 ne, suna shan lita 5 zuwa 7 a kilomita ɗari gwargwadon hannunka. Tanki ɗaya zai kai ka Kaduna daga Kano, amma kada ka yi gangancin wucewa ba ka ƙara ba. Abin kiyayewa shi ne inda kake sha. Waɗannan masu injekta ne, famfon mai na cikin tanki, kuma man 'yan bumburutu mai ruwa da datti shi ne ajalinsa.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne kayan gyara da jiran su. Taya mai lamba 240 ba a rataye take a shagon mai faci ba. Sai an yo oda daga Legas ko daga waje da dala, ga ƙarfin injin yana cinye ta baya da wuri. Ni dokata ita ce ranar da na ɗaura sabuwa, ranar nake fara neman mai maye mata. Ka kuma tsaya a kan mai facin da zai cire ta, don ƙarafan da yake ɓanɓare tayar a-daidaita-sahu da su za su tauna maka bakin wili. Baƙin mai ma ba kowanne ba. Suzuki injinsa da giyarsa da kulocinsa mai ɗaya suke sha, dole ka nemi na babur mai alamar JASO MA a jikin galan, na mota zai iya sa kuloci ya riƙa zamewa. Harley kuwa wuri uku ake zuba masa mai, inji daban, akwatin giya daban, ɗakin kuloci daban, kuma bakaniken da bai san wannan ba zai juye maka ɗaya ya ce an gama. Littafinsa ya ce juye duk mil 5,000, wato kilomita 8,000. Da ƙurar hunturu da zafinmu ni ba na kai wa can, kuma matatar iska ina duba ta duk wata in hazo ya sauka.

Ga wani abin da ba kowa ke faɗa ba: yawancin notunan Harley da ma'aunin inci aka yi su, sifanun bakanikenmu kuwa na milimita ne. Zai sa wadda ta kusa, ya danna, ya murje kan noti. Na sha karɓar babur da rabin notunansa an sassare su da kurfi da guduma. In Harley ka saya, ka sayi akwatin sifanunsa tare da shi, kai za ka riƙa kai wa gareji. Shi kuma bel yake ja da shi maimakon sarƙa. Bel yana daɗewa ƙwarai, ba ya son mai, amma tsakuwa ɗaya in ta shiga tsakaninsa da haƙoran wili za ta huda shi, canza shi kuma sai an kwance ɗakin kuloci da hannun da ke riƙe tayar baya, aikin yini guda ne. Suzuki shaf gare shi a rufe kamar na mota, ƙura da tsakuwa ba ruwansa da su. Batir kuma ka ɗauke shi da muhimmanci, don ba su da kik, kuma tura buhu bakwai don ya tashi ba aikin mutum biyu ba ne. In zai yi mako biyu a ajiye, ka jona masa ƙaramar caja.

To wanne? In dole sai ɗaya daga biyun nan, a titunanmu da bakanikenmu, Suzuki zan ce, saboda ruwan sanyaya inji da shaf da notunan milimita. Harley ya fi riƙe daraja in za ka sayar, ya fi sauƙin kai ƙafa ƙasa, kuma kayansa sun fi yawa a kasuwar duniya, amma yana son mai shi ya zama rabin bakanike. Sai dai in ra'ayina na gaskiya kake so, kada ka sayi ko ɗaya bana. Ka nemi Honda Shadow 750 ko Yamaha Drag Star 650, masu nauyin kilo 230 zuwa 250. Zamansu iri ɗaya ne da na manyan, ɗabi'arsu a lungu iri ɗaya, amma in ka yi kuskure suna yafewa. Ka yi shekara guda a kai, ka ga damina ka ga hunturu, ka faɗi faɗuwarka biyu ko uku a kan abin da gyaransa ba zai sa ka sayar da fili ba. In ka riƙe shi da kyau kusan kuɗinka za ka mayar. Na san zuciyarka ta riga ta tafi, kuma na san abokai za su ce wa zai ga 750 ya ƙyasa. Su ba su za su kwana a asibitin ƙashi ba.

In ka ƙi ji sai babban, to ga abin da za ka yi ranar dubawa. Ka ce wa dila kada ya tayar da shi kafin ka zo, ka taɓa silinda da hannunka ka ji a sanyaye take, don inji mai ciwo a tashin farko yake tona kansa. Da yawa daga cikin 'yan Beljiyam ɗin nan daga gwanjon masu haɗari na Amurka aka kwaso su. Ka duba lambar jikin firam mai harafi da lamba 17 a wuyan babur, ta dace da ta takardun kwastan, ka kuma sa a bincika maka tarihinta a intanet. Ka leƙa wuyan nan da fitila ko akwai walda ko sabon fenti, ka duba 'yan ƙarafan da ke tsayar da kan babur in ya kai ƙarshen juyawa, in sun lotse ya taɓa dukan wani abu da ƙarfi. A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2318 mako na 23 ne na 2018. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida, ko zanenta na nan raɗau, ka cire kuɗin sabuwa daga ciniki. In Fat Boy ɗin na tsakanin 2000 da 2006 ne mai injin Twin Cam 88, ka tambaya ko an canza robobin da ke danne sarƙar kam a cikin inji, don an san su da cinyewa, in kuma ba takarda to ka ɗauka ba a canza ba. A Suzukin, wanda ya iya ya hau ya ja giya ta biyu da ƙarfi a ji ko tana fita da kanta. Lasisinka na ajin A da lamba da inshora su kammala kafin ka fita titi, kuma kafin doguwar tafiya ka tambayi halin da ake ciki, don wasu jihohin Arewa maso Yamma sun sha taƙaita zirga-zirgar babura saboda tsaro.

Ranar da ka biya kuɗi, kada ka hau shi daga wurin dila zuwa gida. Ka sa a a-kori-kura a ɗaure da igiya huɗu, ko ka kira ni in kawo maka shi. Asabar da asuba mu haɗu a fili, ka zo da gwangwani goma da takalmi mai rufi. Goyo kuwa, ko uwargida ce ta roƙa, sai bayan wata uku.